Fuska Biyu a Fosta Ɗaya

"Auta! Juya shi sosai kar ya yi gudaji — kuma ki janye ƙafarki, ana hango ta ta ƙasan labule!"

Auta ta janye ƙafar, ta ci gaba da juya man shafawa a cikin babbar roba. Ɗakin da take ciki shi ne ƙarshen gidansu, daga shi sai shagon Umma mai kallon titi, labule ne kawai ya raba su. Babu taga, sai ƙwan lantarki ɗaya da wata fanka mai kuka. Robobi sun hau juna har rufi, ƙamshin turare ya cika wurin har yana sa ciwon kai. A nan take wuni, a nan take cin abinci, a nan take salla.

Wata mata ta yi sallama a shagon. Auta ta tsayar da hannu, ta rage numfashi, kamar yadda ta saba.

"Umma, ki rage min mana, ni fa kwastomarki ce."

"Albarka."

"To in ɗan ƙara —"

"Albarka, 'yar nan! Fita ki ɗaga kai ki dubi fostar can. 'Yata ce ta cikina. Kin ga yadda take da, kin ga yadda ta koma. Abin da ya yi wannan aikin ne kike so in ba ki kamar kyauta?"

"Ikon Allah! Tana ciki ne in gan ta?"

"Ta fita," in ji Umma, ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Ita Umma, tun da mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu, ba ta taɓa kai hannu wurin dangi ba, kuma ba ta taɓa sakin kaya a tayin farko ba. Duk layin an san ta da kalmar nan tata, albarka. Da man shafawar da take haɗawa ta ciyar da su, ta yi musu sutura, ta riƙe mutuncinta. Amma kasuwar ba ta buɗe sosai ba sai da Yaya, babban ɗanta mai aiki a shagon buga takardu, ya kawo shawarar fosta.

Shi ya ɗauki Auta hoto da wayarsa. Ya ce ta ɓata rai kamar wadda duniya ta juya wa baya, don a samu na sawa a gefen "DA". Tana ƙoƙarin murtuke fuska sai Umma ta yi tuntuɓe da bokiti tana sababi, Auta ta fashe da dariya, shi kuma ya danna. Duk sauran hotunan sun yi dishi-dishi, wannan ne kaɗai ya fita. Ya sa shi ƙarami a kusurwa: baƙar yarinya, hanci shimfiɗaɗɗe, wushirya a waje. Shi dai wannan hoton ya ɗauka ya kai kwamfuta, ya wanke fatar fes, ya tsuke hancin, ya toshe wushiryar, ya goge 'yan layukan gefen ido, ya rubuta "YANZU" a ƙasa. Aka kafa fostar a ƙofar shago, ta fi mutum tsawo.

Daga ranar kuɗi suka fara shigowa, daga ranar kuma Auta ta shiga kurkuku. To ta yaya za ta zauna a shago da fuskar "DA" alhali fosta ta ce ta koma "YANZU"? In za ta fita sai da takunkumi da safar hannu, ta ja hijabi har gira, Umma ta lafta mata farar hoda a ɗan abin da ya rage. Ƙawayenta suka gaji da zuwa ana cewa ta fita. Wani lokaci in ta dawo daga aike takan tsaya ta kalli babbar fuskar nan, ta ji kamar wata baƙuwa ce ta zo ta ƙwace mata gida.

Ana haka Ticha ya shigo rayuwarta. Malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, kullum a tsallaken titi yake jiran mota, fuskarsa na kallon fostar. Wata rana ya shigo ya ce sabulu yake so. Umma ta faɗi kuɗi mai tsada don ta bar wurin ciniki, shi kuwa ya miƙa ba tare da ya taya ba. Washegari ya dawo, jibi ma haka.

"Bawan Allah," in ji Umma, "wanki kake yi wa unguwa? Faɗi abin da ke kawo ka."

Ya sosa ƙeya. "Umma, wadda ke jikin fostar nan… 'yarki ce?"

A bayan labule dariya ta ƙwace wa Auta, ta yi maza ta toshe baki. Ticha ya juya ya kalli labulen, ya yi murmushi.

Umma ta bincika, ta ji ɗan mutunci ne, ta ba shi izinin zuwa bayan la'asar. Auta na fitowa da takunkuminta da hodarta, su zauna a benci a ƙofar gida. Yakan ce ta cire takunkumin, ta ce ƙurar kayan haɗi ce ke sa ta mura. Ba ya matsawa. Mutum ne mai ban dariya, komai sai ya jawo darasinsa ciki. Wata rana ta tambaye shi, tana wasa da bakin hijabi, "Ticha, wai me ke sa mutum ya so wani?"

"Kin taɓo inda nake so! Ido ya kawo nasa rahoton, kunne ya kawo nasa, har hanci ma yana da abin cewa, don kowa da ƙamshin jikinsa. Ƙwaƙwalwa ta tattara ta yanke hukunci, kafin ka ankara zuciya ta fara gudu ba wanda ya kore ta. Ko masana ba su gama gano kansa ba."

"To kai wanne ne ya fara kawo maka rahoto?"

"Ido mana. Tun ranar da na ga hotonki a fostar nan ban sake samun sukuni ba."

Ta yi 'yar dariya don kar ya gane, amma ji ta yi kamar an zuba mata ruwan sanyi. Ashe baƙuwar nan ce ta kawo shi. Ita da take mutuwar sonsa, mai gadin wata ce kawai.

Magana ta yi ƙarfi, aka ce Hajiya, mahaifiyarsa, za ta zo ganin yarinya tare da yayarsa, Anti. Sai ga labari wai Anti ta ɗauki hoton fostar ta watsa wa dangi a waya, tana cewa ga matar ƙaninta, fara sol kamar a taɓa jini ya fito.

Umma ta sa mayafi ta tafi kasuwa, ta dawo da wasu mayuka masu ƙarfi a ƙananan tub na matsawa, irin waɗanda ko kwastoma ba ta zuba wa sai ɗigo. Ta matse su duka a ƙaramar roba.

"Auta, zo nan. Safe da yamma za ki riƙa shafawa. Kuma ko tsakar gida kar in ga kin fita, rana na ɓata shi."

"Umma, bilicin? Ni?"

"A'a, ni! Wa za a zo gani?"

"Don Allah Umma, mu gaya masa gaskiya. In ya fasa, ya fasa —"

"Rufe min baki! Ya fasa, sannan yayarsa ta bi gari tana cewa Umma maƙaryaciya ce? Wa zai ƙara sayen ko sabulu a hannuna?" Ta matso kusa da ita. "Ranar da ubanku ya rasu, 'yan'uwansa har tabarma suka naɗe suka tafi da ita. Na taɓa barinku da yunwa? Na taɓa zuwa ƙofar wani? Da wannan robar na riƙe ku! Yanzu Allah ya kawo miki miji na nuna wa sa'a, farar mace ya gani ya ce yana so, ke kuma ki ce ba za ki gyara ba?"

Yaya da ke tsaye a bakin ƙofa ya ce a hankali, "Umma, ai ko ta yi fari, hancin fa? Da kwamfuta fa na gyara shi…"

"Kai da ka jawo mana, yi min shiru! Hanci hoda na gyara shi. Baki kuma ta rufe, ai ba dariya za ta je yi wa surukai ba."

Auta ta dubi hannayen uwarta, duk sun yi kanta saboda aiki, ta kasa musu. Ta miƙa fuska, hawaye na zuba, Umma na shafawa.

Da farko ɗan zafi ne. Sannan ƙaiƙayi. Sannan kumatun suka yi ja kamar an mare ta, fatar ta fara saɓulewa kaɗan-kaɗan. Goshi ya yi haske, gefen baki ya ƙara duhu, fuska ta zama kala-kala. Umma ta ce haka yake farawa, tsohuwar fata ce ke fita. Ta kwashe maduban gidan ta kulle a akwati. Aka gaya wa Ticha murar ta yi tsanani, sai dai waya.

"Yau ɗalibaina sun kusa kashe ni da dariya," in ji shi a waya wata rana da yamma. "Muna darasin fata, na ce musu baƙin jikin mutum wani sinadari ne, melanin, laima ce Allah ya dasa mana saboda rana. Sai wata ta ɗaga hannu ta ce, Ticha, ni laimata ta yi kauri, a rage min! Na ce ke, wanda ya yaga laimarsa shi rana za ta fara dafawa."

Auta na dafe da kuncinta da ke raɗaɗi. Ta buɗe baki za ta faɗa masa gaskiya. Ta hango Umma zaune a ƙofa tana liƙa wa robobi sitika, sai ta haɗiye maganar.

"Auta, kina ji na? Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau. Murar ce."

Ta ajiye wayar ta kifa kai a gwiwa. In ta faɗa, ta tona asirin uwarta. In ta yi shiru, fuskarta na ƙonewa. In ma ta yi farin, wata zai aura ba ita ba. Duk inda ta juya bango ne.

Ranar zuwan baƙi, Umma ta saki labulayen falo gaba ɗaya, ta kashe fitila ta ce wuta ce ta lalace. Ta zaunar da Auta ta riƙa lafta mata hoda a kan gyambon, tana yi tana cewa, "Daure, 'yar albarka, daure." Auta ta cije leɓe har ya kusa fashewa.

Ticha ya kawo su, ya tsaya a waje. Hajiya dattijuwa ce mai ƙarancin magana. Anti kuwa tun daga ƙofa take rarraba ido.

"Kai, falon nan da duhu yake! Amaryarmu, matso mana mu ga farin da ake faɗa." Ba ta jira ba, ta tashi ta yaye labule.

Hasken rana ya faɗo a kan fuskar Auta. Zafin hodar ya riga ya sa hawaye zuba, sun tsaga hanya biyu a kumatunta, jan nama na leƙowa ta ƙasa.

"Zafi ne ya ɗan —" Umma ta fara.

"Umma, ki yafe min," in ji Auta. Ta jawo kofin ruwan da aka kawo wa baƙi, ta tsiyaya a hannu, ta wanke fuskarta a gabansu, a hankali, tana runtse ido. Sannan ta ɗago. "Hajiya, ni ce wannan. Ban taɓa zama ta jikin fostar ba. Kwamfuta ce ta yi ta. Na yi ƙoƙarin in zama ita, ga abin da na samu."

"La'ilaha illallahu!" Anti ta tafa hannu. "An yaudare mu! Hajiya, tashi mu tafi. Ni da na gama nuna wa dangi? Kai! Kai ɗan'uwa, shigo ka ga abin da aka so a liƙa maka!"

Ticha ya shigo da sauri. Da ya ga fuskar sai ya tsaya cak. Auta ta sunkuyar da kai, tana jiran ƙarar takalminsa yana fita.

"Wa ya yi miki wannan?" Muryarsa ta canza, ba ta taɓa jin ta haka ba. "Auta, me ya sa?"

"Kai ka ce hoton fosta ka gani ka so ni."

Ya dafe kai da hannu biyu. "Innalillahi… Don Allah ku taso. Dukanku."

Ya wuce gaba, suka bi shi ta shago har bakin titi. Auta ta ja hijabi za ta rufe fuska, sai kuma ta bari. Ticha ya wuce babbar fuskar ko kallonta bai yi ba, ya durƙusa ya ɗora yatsa a kan ƙaramin hoton kusurwa.

"Wannan nake nufi. Wannan nake kallo kullum har mota ta wuce ni."

Umma ta saki baki. "Na DA ɗin?"

"Umma, ni fa fata da ƙashi nake koyarwa. Wane mai ne ke tsuke hanci? Wane mai ne ke toshe wushirya? Tun ranar farko na san aikin kwamfuta ne. Ku dubi waccan, baki na murmushi, ido a mace. Dariyar gaske sai ta tattaro gefen ido, su ne layukan da aka goge. Wannan kuwa har cikinta take dariya. Ranar da na ji irinta a bayan labule na ce shi ke nan, na samo mai ita." Ya juyo wurin Auta. "Hodarki ma a gefen kunne take tsayawa, ina gani. Na yi shiru ne don kar in kunyata Umma a kan sana'arta. Da na san shirun nan zai ci miki fuska, wallahi da na faɗa tun a benci."

Auta ta fashe da kuka, irin wanda ta daɗe tana haɗiyewa.

"To ai ko ma wanne ne, yanzu dai ta lalace," in ji Anti.

"Ke kuma ɓoye hannunki," Hajiya ta ce, karo na farko da ta buɗe baki. "Gaɓoɓin yatsunki sun yi baƙi ƙirin, sauran ya yi ja. Kin ɗauka ban san me kike shafawa ba?" Anti ta tura hannu cikin mayafi. Hajiya ta juya ga Umma. "Yarinyar da ta wanke fuskarta a gabana, ta san za ta iya rasa komai, ina son ta. Ciwo kuma asibiti za a kai ta yau ɗin nan. Amma ba zan haɗa zuri'a da gidan da wannan abin ke tsaye a ƙofarsa ba. Yaran mutane nawa suka kalle shi suka je suka tsani madubi? A sauke shi, a daina sayar da mai ƙona mutane."

Mutane sun fara taruwa. Umma ta gyara ɗaurin zani, ta ɗaga haɓa, halin ya motsa.

"Hajiya, abincinmu ne fa. A bar shi zuwa bayan biki."

"A'a."

"To a mayar da shi cikin shago, inda ba kowa —"

"A'a."

Yaya ya runtse ido, don ya san kalmar da ke biyo baya. Umma ta buɗe baki. Sai idonta ya faɗa kan Auta, a tsaye cikin rana, karo na farko ba takunkumi, kumatun da ta shafa da hannunta suna tsattsafo da ruwa. Ta daɗe tana kallo.

"Na sallama," in ji ta. "Kai, ɗauko min almakashi."

Da kanta ta hau benci ta yanke babbar fuskar, ta naɗe ta kamar tsohuwar tabarma. Ƙaramin hoton ta zagaye shi da almakashi, ta miƙa wa Ticha. "Ungo naka. Kuma wannan karon ma ba ka taya ba." Sannan ta rungume 'yarta a gaban jama'a tana kuka, tana cewa, "Ni na ƙona ki, Auta, da hannuna."

Ba a rana ɗaya aka warke ba. Likita ya yi faɗa sosai, ya hana duk wani shafe-shafe sai wanda ya rubuta. Watanni Auta na jinya, Ticha na kai ta yana dawo da ita. Kasuwa ta faɗi, wasu kwastomomi suka zo suka zazzaga wa Umma rashin mutunci, ta tsaya ta shanye, abin da ba a taɓa gani ba. Ta zubar da tub ɗin nan, ta koma sabulu da turare da mai na laushin fata kawai. Auta ta cire labulen da ya raba ɗaki da shago, ta zauna a gaba tana sayarwa. A hankali mutane suka dawo, don duk wadda ta tambaya ko man na sa fari, sai ta yi dariya ta ce, "Ba ya sawa, 'yar'uwa, ga ni nan ki gani."

Baƙinta ya dawo sumul, sai ɗan tabo a kuncin hagu da ya ƙi tafiya. Da shi aka ɗaura auren. Ranar da aka kai ta, ta tarar da ƙaramin hoton nan a cikin firam a bangon falo, har da "DA" ɗinsa a ƙasa. Ta ce ya goge rubutun mana. Ya ce a'a, a bar shi, ai da ɗin ya so, yanzu ma ita ce.

To 'yan mata, ku ji da kyau. Mai talla ba zai ci abinci ba sai ya sa kun raina abin da kuke gani a madubi, kuma fuskar da yake nuna muku, ita kanta mai fuskar ba ta da irinta. Kar ku ƙona halittar Allah don ku kamo hoto. Wanda zai so ku, akwai abin da ya gani wanda ku ba ku ma san kuna da shi ba. Ku kuma iyaye, neman na abinci ba laifi ba ne, amma akwai cinikin da ribarsa fuskar 'yarku ce, wannan ko nawa aka taya, ku ce albarka. Auta ta yi wa uwarta biyayya, ta yi haƙuri, ta kuma faɗi gaskiya a ranar da faɗinta ke da tsada, Allah bai bar ta ta taɓe ba. Allah ya sa mu gode wa yadda ya yi mu.